Ku Tambayi Mai Horo: Dambe, Kareti da Takobin Kaka

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan sun fi ƙarfin shafin, yawancinsu kuma daga cikin garin nan na Kaduna. Na tsinci waɗanda na ga amsarsu za ta amfani mutane da yawa. Masu tambayar kuɗin rajista da na riga, ku yi haƙuri, wannan tsakaninku ne da mai koyar da ku.

Tambaya: Malam, kullum a teburin mai shayinmu gardama ɗaya ce. Idan aka haɗa ɗan dambe da ɗan kareti mai baƙin bel, wa zai yi kisa? Ni na ce ɗan kareti, abokaina suka ce ko turmi ɗaya ba zai kai ba. Don Allah ka raba mana gardama. Daga wani mai gyaran waya, Rigasa.

Amsa: Ƙanena, abokanka sun fi ka kusa da gaskiya, kuma ka ji wannan daga bakin wanda ya yi furfura cikin farar rigar kareti. Sai dai dalilin ba wanda suke zato ba ne.

Ka fara tambayar kanka, a fagen wa za a yi? In gidan dambe ne, doka ta dambe ce. Hannu ɗaya ɗaure da zare, ɗayan a buɗe a miƙe gaba yana aikin garkuwa, turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Ana kuma shuri da ƙafa, abin da 'yan karetinmu da yawa ba su ma sani ba. Ɗan dambe tun ranar da ya fara sa zare dukan gaske yake sha. Yau yana Kano, gobe Dei-Dei a Abuja, jibi Legas, kullum gaban sabon abokin karawa daga ɓangaren Kudu ko na Arewa ko na Guramada, wanda shi ma abincinsa ya zo nema. Mutumin da ya saba ganin dunƙulen zare ya nufo fuskarsa bai runtse ido ba, ya san tazara, ya san lokacin da zai sunkuya, ya san yadda ake tsayawa da ƙafa bayan kai ya yi dum. Ba a koyon wannan a gaban madubi.

Karetin da akasarinmu muka koya a nan kuwa Shotokan ne, salon Gichin Funakoshi, mutumin tsibirin Okinawa da ya kai wasan Tokyo a 1922. Horonsa kashi uku ne: maimaita naushi da shuri da karewa a layi, sai jerin motsi da mutum zai haddace ya yi shi kaɗai wanda suke kira kata, sai karawa ta mutum biyu. A gasa maki ake nema, kuma dole ka riƙe hannunka, ka taɓa kawai ka janye. Ka tuna wasan ƙarshe na masu nauyi a gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021. Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da maki, ya ɗaga ƙafa ya sami Sajad Ganjzadeh na Iran a sama, Ba'iraniyen ya faɗi sumamme aka ɗauke shi a gadon marasa lafiya. Alƙalai suka ce duka ya wuce ƙa'ida, suka kori Hamedi, wanda ya suma ya farka ya tarar shi ne mai zinare. Da a gidan dambe aka yi wannan shurin, da makaɗa sun yi ta zuga shi har a tashi, attajirai suna ta yi masa liƙi. To wanda ya shekara goma yana koya wa hannunsa tsayawa kafin ya isa, ranar da aka ce ya sake shi, hannun ba zai yarda nan take ba.

Akwai karetin da ba haka yake ba. Kyokushin, wanda Mas Oyama ya kafa, ana duka da ƙarfin gaske har sai wani ya faɗi, amma su kuma sun hana naushi a fuska, don haka hannuwansu kan sauka ƙasa, wuya da haɓa su zauna a buɗe. Ɗan dambe abin da yake addu'a ke nan.

Kada kuma abokanka su yi saurin tafi. Ɗan dambe hannu ɗaya yake duka da shi, kuma daga nesa yake ɗauko shi, mai ido yana ganin tahowarsa. In ka fitar da shi daga dokarsa, ka ce ana iya rungumar ƙugu a ɗaga mutum, kuma faɗuwa ba ita ce ƙarshe ba, ya shiga ruwan da bai san zurfinsa ba. A 1993 aka shirya gasa a birnin Denver na Amurka don a kashe irin wannan gardama taku, aka tara ɗan damben zamani da ɗan sumo (kokawar Japan) da masu shuri iri-iri, ba ruwan kowa da nauyi. Wanda ya cinye shi ne Royce Gracie ɗan Burazil, siriri a cikinsu, wanda aikinsa kawai ya kai mutum ƙasa ya shaƙe shi ko ya murɗe masa gaɓa har ya ce ya tuba. Kamaru Usman, haifaffen Auchi, da kokawa ya fara kafin ya zama zakaran UFC, wato gasar da ta faro daga waccan ta Denver, a 2019. Khabib Nurmagomedov na Dagestan ya yi wasa 29 ba a taɓa cinye shi ba, shi ma kokawa ce uwar sana'arsa.

Shi ya sa nake jin haushi idan na ga yaranmu suna yi wa kokawa kallon wasan ƙauye na bayan girbi. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suka fara gasar takobin ƙasa a Tawa, har yau in ana yinta ƙasar kan tsaya cak, kowa kunne a rediyo. Da za ka kawo mini ɗan kokawar Doso ko Maraɗi mai jini a jika, ka haɗa shi da ɗan dambenka da ɗan karetinka a fili marar doka, ni dai na san inda zan sa ido. Ka kai wa majalisarku wannan, sai ku sami sabuwar gardama.

Tambaya: Malam, 'yata shekararta goma sha ɗaya, ta ga ana tekwando a makarantarsu ta nace sai ta shiga. Mahaifinta ya ce wasan maza ne, kuma ya ji ana rusuna wa mutum kamar ruku'u. Ni ina so ta iya kare kanta, amma ina tsoron a ji mata ciwo. Me ka gani? Daga wata uwa, Unguwar Rimi.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana ita. Abu na farko, kada a yi shi a bayan idon mahaifinta. Maganarsa tana da tushe, a amsa masa ita ɗaya bayan ɗaya.

Tekwando wasan Koriya ne, a 1955 aka sa masa wannan suna, kuma tun gasar Sidni ta 2000 yake cikin wasannin Olamfik sosai, maza da mata. Yawancinsa ƙafa ne. Ana sa hular kariya, da rigar kariya ta ƙirji, da na ƙwauri da dantse, da roba a baki. An hana naushi a fuska. Mace da mace take karawa a gasa, kowa da ajin nauyinsa. Rigar doguwar hannu ce da dogon wando, kuma an yarda a sa ɗankwali mai rufe kai da wuya a ƙarƙashin hular. Hedaya Malak ta Masar da lulluɓinta ta ci tagulla a Riyo a 2016, ta sake ci a Tokyo. In Alhaji mai son labarin gida ne, a tuna masa Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar, wanda ya ci azurfa a 2016 ya kuma zama zakaran duniya a 2017, da namu Chika Chukwumerije da ya kawo wa Najeriya tagulla daga Beijin a 2008.

Maganar rusunawa kuwa gaskiya ce, al'adar gaisuwar Koriya da Japan ce, ba bauta suke nufi da ita ba. Amma akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko mutum zai rusuna wa ɗan'uwansa in sun haɗu, ya ce a'a, kuma malamai da yawa a kansa suka tsaya. Ni a ajina tsaye muke gaisawa, hannu a ƙirji, a yi sallama, kuma ban ga abin da ya rage wa yara na ladabi ba. Ki faɗa wa mai koyarwa haka tun ranar farko. Wanda ya san aikinsa ba zai ja da ke ba. A gasa alƙali kan nemi a ɗan sunkuyar da kai, wannan kuma Alhaji ya kai wa malamin da ya amince da shi. Shi dai wasan jiki a kan kansa ba baƙo ba ne a addini, kowa ya san labarin kokawar Annabi (SAW) da Rukana.

Abin da ya fi damuna shi ne hannun da za a damƙa yarinyar. Ki je da kanki ki zauna ki kalli aji tun daga farko har a tashi, kuma ba ranar da aka san za ki zo ba. Ƙofa a buɗe take ko a rufe? Akwai wasu 'yan mata, akwai babbar mace a wurin? Ƙasan da ake wasa a kai, akwai shimfiɗar roba ko siminti ne tsirara? Na taɓa shiga wani aji a garin nan na tarar an zaunar da yaro ɗan shekara takwas ƙafafu a ware, manya biyu sun danne masa cinyoyi, malamin ya hau bayansa yana turawa, yaron yana kuka ana ce masa namiji ba ya kuka. Wannan yaga tsoka ne, sunansa ke nan. Buɗewar ƙafa a hankali take zuwa, wata da watanni, bayan jiki ya yi ɗumi. Duk malamin da kika ga yana dukan yara da bel, ko yana haɗa ƙarami da babba don a yi dariya, ki ja hannun 'yarki ku fita, ko da bangon ɗakin cike yake da takardun shaida.

In na makarantarsu bai kwanta miki ba, ku leƙa Dandalin Murtala ko filin wasa na Ahmadu Bello da yamma, inda 'yan wasanni iri-iri suke taruwa, ku tambayi masu kula da tekwando na jiha. A kuma daidaita lokaci kada ya ci Islamiyya, don a nan ne yawancin iyaye maza suke janye yardarsu.

Kariyar kai da kika ambata, kada ki ɗora buri fiye da kima. Yarinya 'yar sha ɗaya ba za ta kayar da ƙato da shuri ba. Abin da za ta samu shi ne ƙarfin jiki, da saurin gudu, da muryar da za ta iya cewa "sake ni" har a ji ta a bakin titi, da sanin yadda ake fizge hannu daga riƙo. Wannan ba kaɗan ba ne.

Tambaya: Wani ya ce zai ba ni baƙin bel cikin wata shida idan na biya kuɗin gaba ɗaya. Anya? Daga ɗalibi, Unguwar Dosa.

Amsa: Ɗana, bel zai ba ka, ana sayar da shi a kasuwa ma. Tsarin ɗamarar nan daga judo ya fito, wasan da Jigoro Kano ya kafa a Tokyo a 1882 (sunan ne kawai ya zo ɗaya, ba Bakano ba ne). Da farko fari da baƙi ne kaɗai, masu launin nan sun yaɗu ne daga baya, musamman a Turai. A kareti ko judo ko tekwando, mai zuwa horo ba fashi yakan ɗauki shekara uku zuwa biyar kafin ya kai baƙi, a jujitsun Burazil, wasan su Royce Gracie, kuwa har kusan goma. Baƙin ma matakin farko ne cikin matakai masu yawa na sama. A tekwando, hedikwatar Kukkiwon da ke Seoul ba ta ma ba wanda bai kai shekara 15 cikakken matakin manya. Ka tambaye shi wa ya koyar da shi, wace ƙungiya ce ta san da takardarsa, sannan ka roƙe shi ya nuna maka tsohon ɗalibinsa ɗaya yana karawa. Ka riƙe kuɗinka tukuna.

Tambaya: Malam, muna gyaran gidanmu na cikin birnin Zariya muka sami takobin kakanmu a bayan wata adaka. Miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, da kwarmi uku a tsakiya da zanen jinjirin wata biyu. Ya yi tsatsa, kuben ya tsattsage. Wani dillali ya yi tayi. Ni kuma ina so in kai wa maƙeri ya goge shi da inji ya yi ƙyalli. Wanne ya fi? Daga wani ma'aikaci, Kawo.

Amsa: Malam, don girman Allah kada inji ya taɓa shi. Da zarar dutsen inji ya bi ta kan ƙarfen nan, zanen ya tafi, shekarunsa sun tafi, ka koma riƙe da adda mai tsawo.

Yadda ka siffanta shi, takobin ƙasar nan ne na asali, ɗan'uwan wanda Buzaye suke ratayawa. Miƙaƙƙe, kaifi biyu, baki a ɗan zagaye, domin na sara ne daga kan doki, ba na suka ba. Da hamila ake rataya shi a kafaɗa. Da yawa daga cikin ruwan takubban nan ba a nan aka ƙera su ba. Daga Turai suke, musamman garin Solingen na Jamus, su sauka Tarabulus, su ratso Sahara a kan raƙuma ta Agadas zuwa Kano, a nan maƙeranmu su yi musu ƙota, dukawa su ɗinka kube. Jinjirin watan nan biyu daga tambarin maƙeran Turai ya samo asali, amma namu maƙeran sun ga yana ɗaga farashi sai su ma suka riƙa bugawa, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. Ka duba kwarmin. In ya tafi sumul, zurfinsa ɗaya daga sama har ƙasa, alama ce mai kyau. In yana karkacewa, wani wuri faɗi wani wuri siriri, aikin hannun gida ne, wanda shi ma abin alfahari ne. Akwai kuma tulin waɗanda aka ƙera a zamanin nan da sifirin mota saboda hawan salla. Kada ka gwada lanƙwasa shi da ƙarfi don ka ga ko zai dawo, tsohon ƙarfe mai tsatsa yana iya karyewa.

Gyaran da zan yarda da shi kaɗan ne. Ka zare shi a hankali, ka shafa masa man keken ɗinki da tsumma mai laushi, ka bar shi ya kwana, ka goge, ka maimaita. Jar tsatsa za ta riƙa fita, baƙi-baƙin da ya zauna a jikin ƙarfen kuwa ka ƙyale shi, shi ke kare shi. Ban da sanfefa, ban da ruwan batir, ban da lemon tsami. Kuben kada ka jiƙa shi da mai, kada ka sa gam. Ka ajiye su dabam-dabam a wuri busasshe, ka riƙa dubawa da damina, don laimar Agustan Kaduna ba ta barin ƙarfe. Abin da ya fi man gaggawa kuma, ka je wurin tsofaffin gidanku, musamman gwaggonni, ka tambaye su wa ya rataya shi, a bayan wane sarki ya hau, ka rubuta ka ajiye tare da takobin.

Tunda ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, bari in ƙara. Muna ganin takobi a hawan daba sai mu ɗauka shi ne sarkin makamai, alhali a fagen fama kibiya ta fi shi ɓarna. A Tabkin Kwatto a 1804, Sarkin Gobir Yunfa ne mai tarin dawakai da 'yan lifidi, jama'ar Shehu kuwa dawakinsu kaɗan ne, 'yan baka ne suka riƙe musu fage har Gobirawa suka watse. Kibiyar ba ta da nauyi, dafin tsiron ƙwanƙwani da ake shafa mata shi ne masifar, don zuciya yake tsayarwa, ko ƙwarzane aka yi ya isa. Saboda ita ne ake lulluɓe doki da mahayinsa da lifidi, wato bargo mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi yana tare kibiya, amma nauyi gare shi da zafi, ɗan lifidin da ya faɗo daga doki sai an tashe shi, ga shi kuma wuta na kama shi. Sai barade masu mashi da asigiri, da dakaru masu garkuwar fata da barandami da kulki. Duk wannan tsari bindiga mai ruwa ta Turawa ta kawo ƙarshensa a 1903, a Kano da Sakkwato da Burmi. Abin da ya rage shi ne wanda aka nuna wa Sarauniyar Ingila a hawan daba na Kaduna a 1956, aka sake nuna wa duniya a nan garin lokacin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977, kuma kuke gani duk salla a ƙofar fadar Zazzau.

Dillalin kuwa ka ce masa ba na sayarwa ba ne. Doka ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba, kuma cinikinsu ma yana da ƙa'ida. In kana son wanda zai duba maka shi da ido, ga gidan tarihi nan a titin Ali Akilu, ga Gidan Arewa a titin Rabah, duk ba su da nisa da Kawo.

Tambaya: Abokina ya ce in ina son ƙwauri da hannu su yi tauri in riƙa murza kwalba a ƙwaurina, ina naushin bango, sannan a yi mini tsaga a zuba magani kamar 'yan dambe. Na fara, yanzu hannuna ya kumbura ta wajen ɗan ƙaramin yatsa. In ci gaba? Daga wani bakanike, Kakuri.

Amsa: Ka tsaya yau ɗin nan, ka je a ɗauki hoton hannun. Ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa siriri ne, shi ne ya fi karyewa in aka naushi abu mai tauri da hannu a karkace. In ya haɗe a gurguje, kai da sana'arka ta riƙon sifana ce, kai za ka sha wahala.

Ƙashi yana ƙara ƙarfi in ana ɗora masa aiki kaɗan-kaɗan ana barinsa ya huta, wannan gaskiya ne. Amma bango ba ya ja da baya. Mutanen Okinawa da ake kwaikwayo, katako suke kafawa mai siririn kai wanda yake lanƙwasawa in an doke shi, su naɗe shi da igiyar ciyawa. 'Yan damben Tailan masu ƙwaurin nan da ake tsoro, buhun horo suke shuri shekara da shekaru. Kwalba ba abin da za ta ba ka sai kumburi da tabo.

Kawuna mahauci ne a Tudun Wada, ɗan dambe ne kuma a ƙuruciyarsa, ina yaro nakan zauna in kalli ana ɗaure masa hannu. Sai an fara naɗe dunƙulen da ƙyalle, sannan yaronsa ya ɗauko zare ya riƙa zagayawa tun daga kan yatsu har wuyan hannu, yana ja da haƙori yana fesa ruwa da baki, har hannun da dantsen su zama abu ɗaya, ba inda zai lanƙwashe. In an kwance, yatsun sun yi fari, sawun zaren ya nutse a fata. Rabin aikin zaren nan kare hannun mai shi ne. Ban taɓa ganin kawu ya doki bango ba. Ƙarfinsa daga ɗaukar cinyar sa a kafaɗa ya same shi, da tafiyar ƙasa.

Ka sami tsohon buhun tamfol, ka cika shi da ƙyallayen da teloli ke zubarwa, Kasuwar Barci ba za ka rasa ba, ka danna su sosai. Kada ka cika shi da yashi zalla, yana daskarewa a ƙasan buhun ya zama dutse. Ka naɗe hannu da bandeji kafin ka fara. Tsallen igiya, gudun asuba, da tsohuwar taya daga Panteka da za ka riƙa juyawa, sun ishe ka shekara guda.

Tsaga kuwa, ba zan shiga gardama da masu magani ba, kowa da abin da ya gada, kuma na sha kallon 'yan tauri suna wasa da wuƙa ina mamaki kamar kowa. Abin da na tabbata shi ne askar da ta tsaga mutum biyar a jere tana iya ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga wannan zuwa wancan, garin da aka cusa a rauni kuma yana iya kawo cutar nan mai sarƙe haƙora. Ƙwaya ma haka, tiramol ba ya hana rauni, hana ka jin sa kawai yake yi har ka ƙarasa kanka. Akwai kuma wurin da ba ya yin tauri ko da me, wato ƙwaƙwalwa. A damben zamani wanda ba na sana'a ba, wanda aka buge ya faɗi ya kasa tashi ba ya komawa fage sai ya huta aƙalla kwana 30. Mu a nan sai ka ga an sumar da yaro yau, an yayyafa masa ruwa, gobe ya sake sa zare. Wanda ya sha duka a ka ya fara amai, ko jiri, ko barci mai nauyi, ko magana tana sarƙe masa, asibiti za a kai shi a daren, ba a jira wayewar gari.

Tambaya: Ina tashi daga aiki da dare, sau biyu ana tare abokan aikina a ƙwace musu waya. Ina so in sayi sandunan nan biyu masu sarƙa na finafinan Chaina in riƙa yawo da su. Wa zai koya mini? Daga wani mai gadin shago, Barnawa.

Amsa: Allah ya tsare, ɗan'uwa. Sandunan nan nancaku ake ce musu, kuma na Okinawa ne, cikin jerin makamansu na gargajiya tare da doguwar sanda da lauje da wata sanda mai mariƙi a gefe, wadda daga gare ta aka kwaikwayi kulkin da 'yan sandan wasu ƙasashe ke riƙewa. A fim suna da kyau. A hannun sabon shiga kuwa, ƙeyarsa da gwiwar hannunsa su ne suke fara ɗanɗanawa, domin in sandar ta doki abu dawowa take yi. Gorar Bafulatani ta fi ta amfani nesa ba kusa ba, ta fi tsawo, ba ta juyo maka, kuma wasan sanda ilimi ne na gaske. Misirawa sun riƙe nasu, tahtib, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, mu namu yana can wajen makiyaya ba mai rubuta shi.

Amma ko gorar ban ba ka shawarar yawo da ita da dare ba. 'Yan sintiri in sun tare ka da makami, kai za ka kwana kana bayani. Masu ƙwacen kuma ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba, kuma da wuƙa suke zuwa. Duk shekarun da na yi ina koyar da kare wuƙa, in na shafa wa wuƙar katako alli na ba ƙaramin ɗalibi na ce ya kawo hari da gaske, babu babban da yake fita rigarsa ba zane. In an tare ka, ka miƙa wayar ka ja da baya. Ku riƙa tashi ku uku ko huɗu tare, ku bi titi mai haske ko da ya fi nisa, waya a aljihu, kunne ba abin sauraro. Tun yau ka danna *#06# a wayarka, lamba mai tsawo za ta fito, ka rubuta ta a takarda ka ajiye a gida tare da rasit, ita 'yan sanda za su tambaye ka in ka kai rahoto.